Shekarar da Na Ɗaura wa Keken Binta Mota

Ke mai jan hijabi, ajiye sukudireban nan tukuna. Tun ɗazu nake kallonki kina ta kwance notuna, ko juya keken ki ji kukansa ba ki yi ba. Na san a waya kuka gani, wani ya wargaza keken ɗinki ya haɗa kafin shayi ya huce, kuka ce ashe abin ba wuya. To ku matso kan tabarma. Tunda an turo ku wurin Tabawa ku koyi gyaran keke, sai kun ji yadda na shiga sana'ar da abin da na gani a cikinta, sannan mu taɓa ƙarfe.

Keken farko da na gyara ni kaɗai na wata mata ne a nan Unguwar Shanu, a bayan layinmu. Babana Malam Iro shi ne mai gyaran, rumfarsa tana Babbar Kasuwa cikin layin teloli. Matar nan takan cire kan keken ta aika masa, ya ɗora a kan ƙafar kekensa ya gwada, ɗinki ya fita sumul, ya mayar mata. Kwana biyu sai ga saƙo wai har yanzu yana tsinka zare. Abin ya ishi Baba, ga shi gidan na aure ne, an rubuta ba shiga a ƙofar zaure. Ni kuwa lokacin aikina bai wuce wanke ƙarafa da kananzir a tsohon kwano ba. Ya ce in je in gano masa abin da matar nan ke yi wa keken. Na je na tarar kan keken lafiyarsa lau. Daɓen ɗakin ne ya zaizaye, ƙafa ɗaya tana lilo, bel ɗin kuma ya saki an ɗaure shi da tsumma. Na sa ɓallin katako a ƙarƙashin ƙafar, na yanke bel ɗin na haɗa da waya, keke ya kama aiki. Da na ba Baba labari sai ya ce, "Ni kai kawai ake kawo mini. Ke kina ganin keken duka, har da mai shi." Washegari ya saya mini jaka.

Kada ku ɗauka daga nan na zama gwana. Na daɗe a hannunsa, kuma Baba ba ya yabo. Yakan sa in rufe ido ya taka keke, ya ce in faɗa masa inda ciwon yake. In na ce ƙoshiya ce, wato mai kama zaren ƙasa, alhali haƙoran jan yadi ne suka cika da ƙura, sai ya ce kunnena na ado ne. A kasuwa kuwa babu telan da zai bar ni in taɓa masa keke, ko yau ma ƙalilan ne. Ban damu ba. Su suna da masu gyara fal, matan cikin gida ba su da kowa sai ni, daga nan har Rigasa. Da na yi aure maigidana bai hana ni ba, tunda wurin mata nake zuwa. Kun ga al'adar da ta hana Baba shiga ita ce ta ciyar da ni.

Ga jakar nan, ku leƙa. Sukudireba dogo da gajere, filaya, ƙaramar sifana, sanfefa mai laushi don goge bakin ƙoshiya in ya yi kaushi. Wannan tsohon burushin haƙori ne, kada ku yi dariya, ya fi rabin kayan nan aiki. Kwalbar kananzir, da ta farin man keke. Ku riƙe wannan: duk gidan da kuka shiga ku fara shinshina keken. Mata da yawa in man keke ya ƙare sai su ɗiga na gyaɗa, wata biyu ya daskare kamar ƙanzo, keke ya ƙi juyawa, a ce maka aljanu ne. Ga allurai, ga kwarkwaro na nannaɗe zaren ƙasa. Wannan baƙar robar kuma tsohon tiyub ɗin babur ne, ita ce za ku fi amfani da ita, yanzu za ku ji dalili.

Telan kasuwa in ya kawo keke, gudu yake so da ƙara. Ƙarar ita ce tallarsa, mai wucewa ya ji ya san ana aiki. Matar gida ba haka ba. In na gama gyara ina goge hannu, sai ta rage murya ta ce, "Gwaggo, a ɗan rage masa surutu." In ka tambaya ta ce saboda jariri, wata ma ba ta da goyo. Gaskiyar ita ce, da zarar an ji keke yana gudu kullum, maƙwabta za su cika ki da facin kyauta, dangin miji su fara aiko da bukata, wani mijin ma ya rage kuɗin cefane tunda ai kina samu. Wata kuma izinin da aka ba ta na facin yara ne kawai. Ni ba na tambaya. Sai in janye keken daga jikin bango, in yanka roba in sa a ƙarƙashin kowace ƙafa, in shimfiɗa ɗan bargo tsakanin kan keken da teburi, in ɗaure sandar da ke haɗa mataki da babbar taya har ta daina ƙwanƙwasa, in shafa wa bel mai kaɗan. In na yi shi yadda ya kamata, wanda ke tsakar gida ba zai ji komai ba. Wannan ba a wayarku yake ba.

Cikin waɗanda na yi wa haka akwai Binta. Mijinta Malam Garba ma'aikacin gwamnati ne, a sashen kuɗi na wata ma'aikata, mutum mai kamun kai, bai taɓa barin gidansa da yunwa ba. Sai dai yana cikin mazan da ke ganin in matarsu ta yi ɗinkin kuɗi, kamar an ce sun gaza ne. Shi ya saya mata keken, ya ce na ɗinkin gida. Ita kuwa tana da tsohuwa a Rigasa, Iya, mai hawan jini, ba miji ba ɗa namiji. Maganin Iya na kowane wata daga ƙarƙashin allurar nan yake fitowa. Za ku ce me ya hana ta roƙi mijin? Ai kun san halin gidajenmu. Iya ta gwammace komai da a ce surukinta ne ke saya mata magani, Binta ma ba za ta iya buɗe baki ba. Saboda haka in Malam ya hau babur ya tafi ofis sai ta zauna kan keke, hijabai da kayan yara, kafin la'asar ta tattare ta share zare. Hannunta kuwa, tubarkalla. Layinta ya fi na telolin kasuwa da yawa miƙewa. Matsalarta ɗaya, gwiwa. In ta yi ta taka keke sai ta kumbura, ta kwana tana shafa man zafi.

Ana cikin haka ne Dakta Hauwa ta zo wurina, wadda ta turo ku ɗin nan. Malamar jami'a ce, masaniyar tattalin arziki, 'yar Zariya. Ta zauna a kan tabarmar nan ta ce mini ita ma da kuɗin keken mahaifiyarta ta yi karatu. Abin da take bincike shi ne me ya sa mace mai ɗinki a gida take tsufa da keke ɗaya, alhali namijin da bai kai ta iyawa ba yana buɗe shago har ya ɗauki ma'aikata. Jari ne, ko rashin fita, ko aikin gida, ko kayan aikin ne? Ta ce ba ta son zato, so take ta gwada abu ɗaya bayan ɗaya ta gani. Ta daɗe tana bi na gidaje, tana riƙe mini jaka, wallahi har ta iya sa bel. Ba ta da rawar kai, kuma abin da ta gani a ɗaki ba ta fita da shi. Na saki jiki da ita.

Gwajin da ta fara shi ne na kayan aiki. Ta samo ƙananan injinan lantarki da ake ɗaura wa keke a baya, waɗanda muke ce wa mota, ta ce duk macen da ke so a sa mata kyauta, ni zan ɗaura. Ni na yi murna, don na san ƙafafun da za su huta. Kowace mace sai da Dakta ta tambaye ta ko maigida ya sani. Binta ta ce ya san tana da keke, kuma ba ƙarya ta yi ba. Na faɗa mata mota ba ta da kunya, duk robar duniya ba ta rufe mata baki. Ta ce ta ji, ai da rana za ta yi, lokacin layin ba kowa. Ga shi ta samu aikin hijaban wata Islamiyya masu yawa, ga gwiwa. Na cire bel, na ɗaura motar, na nuna mata yadda ake danna matakin a hankali. Da yadin ya zarce ta yi dariya kamar yarinya.

Abin da ni da Dakta da Binta duk ba mu kawo a rai ba shi ne wuta. Keken ƙafa kai ke zaɓar masa lokaci. Mota kuwa masu wuta ke zaɓa. A makon da ya kamata ta kai hijaban, wuta ta ɗauke ta ƙi dawowa, sai ranar jajibirin kaiwa bayan la'asar. Ga shi na riga na cire bel, ba halin takawa da ƙafa. Malam Garba ya riga ya dawo, yana zaune a dakalin ƙofar gida da maƙwabta, tagar ɗakin Binta kuma a kansu take. Ta duba tulin yadi, ta duba ƙwan lantarki, ta ce bari ta ɗan yi kaɗan kafin a sake ɗaukewa. Matar ɗaya daga cikin mutanen dakalin ce ta ba ni sauran labarin. Wai da ƙarar ta tashi sai hira ta tsaya. Can wani mai baki a cikinsu ya ce, "Malam Garba, ashe masaƙa ka buɗe ba mu da labari? Ko albashin ne ya gaza?" Aka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya tashi ya shiga gida.

Da safe ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da kayan ofis, makullin babur a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya gaishe ni da kyau, sannan ya ce, "Gwaggo, ki ɗauke keken nan daga gidana. Ki sayar ko ki ajiye, ba ruwana." Ban yi musu ba, kuma ku ma kada ku taɓa yi. Ranar da kika ja da maigida a zaurensa, kin rufe wa kanki layin gaba ɗaya. Na shiga na kwance kan keken, na naɗe shi a zani. Binta tana zaune a bakin gado, ba kuka take ba, tana ta nannaɗe wani guntun zare a yatsa. Ta ce in kai sauran hijaban a ƙarasa wa mutane. Har na kai ƙofa ta ce, "Kada Iya ta ji." Na ji tausayinta ƙwarai, na ɗauki kan keken na fita.

Da Dakta ta ji, nan take ta ce za ta je ta same shi, ta yi masa bayani cewa ita ta kawo motar. Na ce ta zauna. Mutumin da aka yi wa dariya a gaban ƙofarsa, in baƙuwa ta zo daga jami'a tana roƙo, wata dariyar aka ƙara masa. Ta ji maganata, ba ta je ba. Ta ba ni kuɗin maganin Iya na kai wa Binta, ta karɓi na farko, na biyu ta mayar. Ta ce in Malam ya ji wasu na waje ke riƙe da surukarsa, sai ya fi na keken ciwo. Ta sayar da 'yan kunnenta, daga baya ta fara fitar da kwanukan jerenta ɗaya ɗaya.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Labari ya zaga cewa Tabawa tana shiga gidaje tana ɗaura wa mata inji. Sai in yi sallama a ce mini matar gida ba ta nan, ga takalmanta a bakin ƙofa. Wasu suka kira ni a ɓoye in cire musu motar kafin a ji. Na koma har da gyaran injin markaɗe, abin da ban iya sosai ba, don kada tukunya ta kife. Amma kada ku ce mota ce mugunta. Akwai wata a Rigasa da mijinta ɗan kasuwa ne, da ya ji ƙarar sai ya fara kawo mata yadi daga shagonsa, yau kekunanta sun cika ɗaki har da masu koyo. Inji ɗaya ne, ni na ɗaura duka biyun.

Dakta ba ta gudu ba, wannan na shaide ta. Ta ci gaba da zuwa, wani lokacin ta zauna ta yi tagumi. Wata rana ta ce mini, "Gwaggo, ni na zo ina tambayar me mace take da shi da me ta rasa. Ban tambayi wa aka yarda ya ji tana aiki ba." Daga nan ta sauya tambayoyinta, ta sa abokan aikinta maza suna zama da mazaje a dakali suna sauraron abin da su ma suke tsoro. Na tambaye ta ko bincikenta zai sa a daina dariyar nan. Ta ce ba ta sani ba, amma aƙalla wanda zai raba wa mata kaya nan gaba zai san inda tagar ɗaki take kallo. Ita ce kuma ta ce mata masu gyara sun yi kaɗan, in na mutu fa? Na ce ta bar yi mini fata. Ga ku nan dai ta tara mini.

Kan keken Binta yana ƙarƙashin gadona duk tsawon lokacin nan. An taya shi na ce ba na sayarwa ba ne. Duk Juma'a nakan fito da shi in ɗiga masa mai in juya, don ƙarfe in ya zauna yakan kama.

Ashe Iya ta gane abin da ake ciki, tunda ta ga kunnen 'yarta ba komai. Sai ta fara raba ƙwayar maganin biyu, daga baya ta koma sha yau ta tsallake gobe, don kwalba ta daɗe. Wata safiya tana alwala ta faɗi. Malam Garba ne ya ɗauko mota ya kai ta asibiti, shi ya biya komai, ya yi ta zirga-zirga har aka sallame ta, hannunta na hagu bai sake ɗaguwa ba. A gabansa likita ya yi faɗa, ya ce tsohuwar nan shekaru tana kan magani ba fashi, me ya faru a 'yan watannin nan? Binta ta sunkuyar da kai. Malam bai tambayi kowa wa ke sayen maganin a da ba. Mutum ne mai lissafi, ai shi ne aikinsa a ofis.

Ba a daɗe da sallamarta ba, ina wanke ƙarafa a nan inda kuke zaune, na ji an tsayar da babur an yi sallama. Na yafa mayafi na fita. Shi ne. Muka gaisa, na yi masa ya mai jiki, ya ce da sauƙi. Ya tsaya yana goge madubin babur da babban yatsa, madubin da ba datti. Sannan ya ce, "Gwaggo, keken nan da kika tafi da shi gyara, har yanzu ba a gama ba?"

Na ce, "Saura kaɗan, Malam. Gobe in Allah ya kai mu."

Ya ce a gyara shi da kyau, kada ya riƙa damun maƙwabta. Ya tayar da babur ya tafi.

Washegari Asabar ce, yana gida. Na tarar ya baza jarida a zaure. Na wuce ciki. Binta ta rame, ɗakin ya yi fili inda jere yake a da. Motar na bar ta a gida, ban ma kawo ta ba. Muka ja ƙafar keken daga wajen taga muka kai ta lungun bayan gado. Na yanka sabuwar roba, na ninka bargo biyu, na sa sabon bel na fata, na bi kowace gaɓa da mai. Ban taɓa ɓata lokaci a kan keke kamar wannan ba. Ta ɗauko wani yadi da wata maƙwabciya ta kawo mata tun jiya da yamma, ashe har an ji. Ta sa shi ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafarta mai ciwon a kan mataki. Na ce ta ci gaba, kada ta tsaya, zan fita in saurara.

Na fito tsakar gida, shiru. Na iso zaure, shiru. Malam Garba ya sauke jaridar, ya karkata kai wajen cikin gida, ya daɗe a haka. Ni na san yadin yana tafiya, don na bar shi yana tafiya. Can ya ɗaga jaridarsa ya gyara zama.

Ya ce, "Ai ita yanzu ko taɓa keken ma ba ta yi."

Na ce, "Haka ne, Malam." Na rataya jakata na fita.